Ɗaukar Hoton Kaza da 'Ya'yanta a Ƙasar Katagum



Damina ta ɗauke, gero ya shiga rumbu, ƙurar hunturu kuma ba ta riga ta kankama ba. A duk shekara babu lokacin da samaniyar ƙasar Guddiri, wato Katagum, ke wankewa tas kamar waɗannan makonni na ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Wanda ya fito bayan sallar isha'i a Azare ko Madara ko Chinade, ya fuskanci gabas ya ɗaga kai, zai hangi wani ɗan curin taurari a cunkushe wuri guda, ƙanana, masu ƙyalli a hankali. Su ne Kaza da 'Ya'yanta. Malamai na ce musu Surayya. A kansu sharhinmu na yau zai tsaya, da yadda yaro mai waya a aljihu zai iya ɗaukar hotonsu, da kuma wani abu da nake ganin ya fi hoton gaggawa.

Mu fara da yadda za a gane su, don kada mutum ya ɗauki hoton wata kazar daban. Akwai taurari uku da ke jere reras a layi ɗaya, kusan kowa ya san su. Idan suka fito daga gabas, bi layinsu zuwa sama. Za ka fara cin karo da wani tauraro mai haske, ja-ja, shi ne Dabaran. Wuce shi kaɗan a kan layin, sai ga Kaza. A watan Nuwamba tana fitowa ne daidai faɗuwar rana, ta kwana tana tafiya, ta faɗi da asuba. Kullum tana ɗan riga jiya fitowa da kusan minti 4, shi ya sa a tsakiyar Janairu, wajen ƙarfe 8 da rabi na dare, za ka same ta kusan a tsakiyar ka, ta ɗan karkata arewa. A nan Allah ya yi mana gata. Azare na kusa da digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Kaza kuma na ratsawa ta kan digiri 24, don haka tana yi mana tsayin da ba ta yi wa mutumin Ingila ko Jamus.

Mai ido daidai misali yakan ƙirga 6, wani 7. Mai kaifin gani a daren da babu wata yakan wuce haka. Masu sauraron Ashafa a watan azumi za su tuna Alƙali Iyal ya kawo ruwayar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ganin 11 a cikinta. A 1610 Galileo na ƙasar Italiya ya leƙa ta da ɗan madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa, ya zana taurari 36. Yau masana sun ƙirga fiye da 1,000 a cikin wannan curi, duk haihuwar wuri ɗaya, duk suna tafiya tare, shekarunsu wajen miliyan 100. Idan aka gwada da rana, wadda ta haura shekara biliyan 4 da rabi, ashe dai 'yan tsaki ne da gaske.

Nisan kuwa sai dai a ce Allahu Akbar. Haske na gudun kilomita 300,000 a sakan ɗaya, amma sai ya shafe shekara wajen 440 kafin ya iso mana daga can. Hasken da zai shiga wayarka yau da dare ya baro gida tun zamanin da Mai Idris Alooma ke sarautar Borno. Lokacin Shira da Tashena da Auyo na cin gashin kansu, ba a haifi Malam Zaki ba, balle ya kafa birnin Katagum. Yana kan hanya aka yi jihadi, yana kan hanya Turawa suka zo, yana kan hanya aka dawo da fadar sarki Azare a 1916.

To, yaya ake kama shi?

Abu na farko, a manta da filasha. Akwai wanda zai ɗaga waya sama ya haska filasha, ya duba ya ga baƙi ƙirin, ya ce wayarsa ce ba ta da kyau. Ba laifin wayar ba ne. Hoton dare tara haske ne, kamar yadda ake tara ruwan indararo a randa: gwargwadon daɗewar da bakin ya yi a buɗe, gwargwadon abin da za a samu. Idon ɗan Adam ba ya tarawa, abin da ya gani a take shi ke nan. Kyamara kuwa za ka iya ce mata ta buɗe ido ta yi sakan 10 ko 15 ba ta ƙifta ba.

Shiga kyamarar wayarka, nemi sashen da aka rubuta Pro. Akwai shi a yawancin wayoyin da ke hannun matasanmu. Za ka ga ISO, kai shi 800 ko 1,600. Za ka ga wurin tsawon buɗewa, yawanci da harafin S, sa shi a sakan 10. Sai saitin nisa: kada ka bar wayar ta zaɓa da kanta, domin a duhu ruɗewa take yi. Ja shi da hannu zuwa ƙarshe, wajen alamar tsauni, sannan ka ɗan dawo da shi kaɗan-kaɗan har tauraro mafi haske ya zama ɗigo siriri, ba ƙwallo mai gashi ba. Wannan ɗan gyaran shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa.

Sannan waya ba za ta motsa ba ko kaɗan. Hannunka, komai ƙarfin halinka, yana rawa. Mai sandar kyamara mai ƙafa uku ya huta. Wanda ba shi da ita, ya cika safa ko ƙaramar jaka da yashi ko gero, ya ɗora a kan katanga ko turmi da aka kife, ya dasa wayar a ciki ta jingina tana kallon sama. Idan Kaza ta hau tsakiyar ka ma abin ya fi sauƙi: kifa wayar, fuskarta ƙasa, idon baya na kallon sama, a kan wani abu mai laushi. Ka saita ta ta jira sakan 5 ko 10 bayan ka latsa, don girgizar yatsarka ta lafa kafin ta fara ɗauka. Ka kuma goge idon kyamarar da ƙyalle mai tsabta. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya mai da kowane tauraro fitilar mota a cikin hazo.

Wani zai ce, tunda daɗewa ce ke kawo haske, me zai hana in bar ta minti 5? Abin da zai hana shi ne duniya na juyawa, digiri 15 a kowace awa. Ka wuce sakan 15 ko 20 da waya, taurari za su fara jan wutsiya, su koma ƙananan zane-zane. Masu babbar kyamara suna da wani lissafi na sauƙaƙawa: raba 500 da tsawon gilashin. Gilashi mai milimita 50, sakan 10 ke nan, ko ƙasa da haka in ana son tsaf. Dabarar da ake yi ita ce a ɗauki gajeru da yawa, 50 ko 100, ba tare da an taɓa saiti ba, sannan a kai su kwamfuta a ɗora su kan juna. Akwai manhajoji na kyauta da ke wannan aiki, irin su Sequator da DeepSkyStacker da Siril. Su ne ke daidaita taurarin wuri guda su tace ɗige-ɗigen da ke ɓata hoto. Hoto 100 da aka haɗa yakan rage wannan datti zuwa kashi ɗaya cikin goma na hoto guda. Wanda kuma yake son sanin inda Kaza take a kowace sa'a, manhajar Stellarium na nuna masa.

Bari in faɗi gaskiya tun da wuri, kada a zo ana cewa mai sharhi ya yi mana romon baka. Hotunan nan da kuke gani a intanet, Kaza lulluɓe da shuɗin hayaƙi mai ban sha'awa, waya ita kaɗai a kan turmi ba za ta ba ka su ba. Abin da za ta ba ka shi ne curin a fili, da taurari fiye da waɗanda idonka ya gani. Shuɗin nan ƙura ce ta sararin samaniya, wadda taurarin ke ratsawa ta cikinta, haskensu na dukanta yana dawowa. Kafin ta fito sosai sai an sami kyamara mai kyau, da gilashi mai jawo nesa, da na'urar da ke juya kyamarar a hankali tana bin taurari, da tarin hotuna na awa ɗaya ko fiye. Kuma wanda ya ɗauko hoton wani ya liƙa a Facebook ya rubuta "daren jiya a Gadau", ya ji tsoron Allah. Hoton da ka ɗauka da hannunka, ko da ɗigo ashirin ne a baƙin fili, ya fi wannan daraja.

Kada kuma kalmar ɗan koyo ta karya wa kowa gwiwa. Gaskiya ne ƙwararru biyu, wa da ƙane, Paul da Prosper Henry, su ne a 1885 suka ɗauki hoto a birnin Faris da ya fito da wani hayaƙi a gefen ɗaya daga taurarin Kaza wanda ba a san da shi ba. Amma wanda ya nuna wa duniya yadda hayaƙin ya mamaye curin shi ne Isaac Roberts, ɗan kwangilar gine-gine a yankin Libaful, wanda ya ɗauki abin a matsayin sha'awa. Daga 1886 yakan bar farantin hoto a buɗe awa 3 ko 4 yana gadinsa cikin sanyi. Abin da ke cikin wayar ɗalibin kwalejin Aminu Saleh a yau ya fi farantin Roberts jin haske nesa ba kusa ba.

Abokan gaban mai ɗaukar hoton Kaza uku ne. Na farko farin wata: a nemi kwanakin ƙarshen watan Musulunci da na farkonsa, daga wajen 25 zuwa 4 ko 5 ga sabon wata. Na biyu ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa galibi daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. In ta sauko a Disamba da Janairu, ƙasan samaniya yakan toshe, sai dai a jira Kaza ta yi sama inda hazon ya fi sirantaka. Na uku, fitila. A da mukan ce rashin wutar lantarki ne ya bar mana taurari, to yanzu fitilun sola sun cika tituna da ƙofar gidaje, suna ci har asuba. Ba na kuka da su, sun rage ɓarayi sun kuma taimaki masu shayi. Sai dai mai neman Kaza ya fita bayan gari, ta hanyar Shira ko Gadau ko wajen fadamar kogin Jama'are, ya ba wa fitilun gari baya, ya ba idonsa minti 20 ya saba da duhu ba tare da leƙa hasken waya ba. Kuma don Allah, a wannan zamani, kada samari su je su tsaya a gonar mutane da tsakar dare da na'ura mai ƙafa uku ba tare da mai unguwa da 'yan sintiri sun sani ba. A je da rana a yi sallama, a yi bayani. Sau da yawa ma a nan za a dace da wanda ya san Kaza fiye da manhaja.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna.

Hoton Kaza ba zai gudu ba. In ba ka ɗauka bana ba, baɗi tana nan. Abin da ke gudu shi ne abin da tsofaffinmu suka sani game da ita. Kafin a fara jin hasashen yanayi a rediyo, manomin ƙasar nan da malamin zaure suna da lissafinsu na taurari 28, kowanne kwana 13, Jabha kaɗai ke da 14, jimla kwana 365. Surayya na zuwa a ƙarshen bazara, Dabaran na bin ta, sai Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, ana tafiya cikin damina. Da wannan ake auna ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara, da kuma lokacin da shuka ta makara. Lissafin kuma ba shaci-faɗi ba ne. Wajen 20 ga Mayu rana kan zo daidai inda Kaza take, haskenta ya rufe ta, ta ɓace kusan kwana 40 in an haɗa kafin da bayan. Sai a watan Yuni ta sake leƙowa ta gabas gab da alfijir. A ƙasar Katagum lokacin ne ruwa ke zama. Mai fita sallar asuba ya gan ta, ya san inda shekara ta kwana, ko da watan Musulunci ya zagaya ya koma wani wuri, tunda shi yana ja da baya da kwana 11 duk shekara.

Ba mu kaɗai ba ne. Waswahili na gabashin Afirka da Zulu na kudu suna ɗaura farkon noma a kan fitowarta. Buzaye na kiran su 'yan matan dare. Girkawa sun ce 'yan'uwa mata bakwai ne. Mutanen Tailan da manoman Faransa, kamar mu, kaza da 'yan tsaki suka gani. Tambarin motar Subaru ta Japan, taurarin nan 6, ita ce. Ƙabilar Mawori ta ƙasar Niyuzilan na fara shekararta da fitowarta, kuma tun 2022 gwamnatin ƙasar ta mai da ranar hutu ga kowa. Su sun ɗauki abin kakanninsu sun kai majalisa. Mu namu yana nan a bakin dattijo a gindin dalbejiya, jikokinsa na gefe suna latsa waya.

Na san abin da ke sa wasu ja da baya. Da an ce taurari, sai tunani ya tafi ga duba da bokanci. Tsoron yana da tushe. Hadisin Zaidu ɗan Halid na Hudaibiyya ya yi kashedi a kan mai jingina saukar ruwa ga tauraro, kuma duk mai cewa tauraro ke ba da arziki ko aure ya kauce. Amma malamai tun da can sun raba tsakanin mai cewa tauraro ne ya yi, da mai cewa tauraro alama ce ta lokaci. Imam Buhari ya kawo maganar Ƙatada cewa ɗaya daga hikimomin halittar taurari shi ne su zama alamomin gane hanya. Wasu magabata, irin su Mujahid, sun fassara tauraron da aka yi rantsuwa da shi a farkon Suratun Najmi da Surayya. Manomin da ya ce Nasara ta shiga bai ce Nasara ke kawo ruwa ba, kalanda yake karantawa.

Shugabanninmu na da ma ba su ɗauki wannan ilimi abin kunya ba. A watan Janairun 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa, da kayan awon taurari a cikin kayansa. Abokin tafiyarsa, Dakta Oudney, a Murmur ya rasu bayan sun bar garin. Da Clapperton ya isa Sakkwato ya baje wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar samaniya, sai ya tarar Bello ya san buruji duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Kafin wannan da kusan ƙarni guda, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a can da lissafi da ilimin falaki. Malamanmu sun tsara taurarin nan 28 a waƙe da ajami don almajiri ya haddace, har wani masani ɗan Ingila, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kan waƙoƙin a 1967. Yau a tara ɗaliban sakandare a Azare a ce su nuna Dabaran, a ga hannu nawa za su tashi.

Don haka shawarata ga duk saurayi ko budurwar da wannan sharhi ya zaburar ita ce, wayar da za ta ɗauki hoto ita ce kuma ke ɗaukar murya. Kafin ka fita daji, zauna da kakanka ko limamin unguwa ko tsohon makiyayi a ruga. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka nemi izini, sannan ka ce, "Baba, a zamaninku in Kaza ta fito da asuba, me kuke yi?" Ki tambayi kakarki, "Iya, wane labari aka ba ku a kanta kuna yara? 'Ya'yan nata nawa ne?" Kada ka gyara masa. In ya ce bakwai ne ɗaya ya ɓata, rubuta haka. In Bafulatani ya faɗi wani suna daban, ko Babarbare, ko Bakarkare daga wajen Jalam da Dambam, rubuta yadda ya faɗa, da sunan garin da ranar. Za ka iske abin da ake faɗa a Sakwa ya ɗan bambanta da na Yana, kuma bambancin shi ne dukiyar. An ce abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To yanzu yaro ya sami na'urar da ke ganin abin da babba bai taɓa gani ba. Nuna wa tsohon hoton, ka ja shi da yatsu biyu ya buɗe, ya ga 'yan tsakin da ya yi shekara saba'in yana ƙirgawa shida sun zama ashirin da wani abu. Daga nan hirar za ta yi daɗi, kuma shi ma zai buɗe maka abin da bai yi niyya ba.

Aikin bai fi ƙarfin makarantunmu ba. Muna da jami'a a Gadau, da kwalejin ilimi da jami'ar kimiyyar lafiya a Azare, da sakandare a kowace ƙaramar hukuma. Malamin kimiyya ɗaya da malamin Hausa ɗaya, in suka haɗa kai, sun isa. Wancan ya koya wa yara saitin kyamara da dalilin jan wutsiyar taurari, wannan ya tura su gida da tambayoyi. Kuɗin da ake bukata bai wuce na madubin hangen nesa mai ido biyu ba, irin wanda ake rubuta 7 sau 50 ko 10 sau 50 a jikinsa. Ga Kaza ma ya fi babban madubi amfani, domin faɗinta a sama ya kai na wata huɗu a jere, babban madubi kuwa gefe ɗaya kawai yake kamawa. Makarantun kwana su suka fi dacewa, tunda ɗalibai na nan da dare, filin ƙwallo kuma na da duhu in aka kashe fitila na awa ɗaya.

Wanda ya shirya farawa, ya duba kwanan wata. Da zarar an wuce 24 ko 25, dare na hannunsa tun daga isha'i har bayan tsakar dare, babu farin wata. Ya cika batir, don sanyi na shanye caji, ya ɗauki rigar sanyi da takalmi mai rufi saboda kunama da maciji a cikin karan gona. Daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris Kaza na nan da daddare. A Afrilu za ta gangara yamma bayan magariba, ƙasa-ƙasa cikin ƙura, hoto ba zai yi kyau ba, sai kuma a jira ta da asubahin Yuni.